Ƙwayar Ƙanena Ta Ɓace Daga Sinnar

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin magunguna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan kana lafiya.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Sinnar. Ba ka san ni ba, amma sunan kamfaninka ya daɗe a gidanmu, a jikin kwalin ƙwayar farfaɗiyar da ƙanena Isiyaka yake sha. Albarkacinta ya yi aure, yake ban-ruwa a hawasharsa, wato gonarsa, kamar kowane manomi.

Bara ƙwayar ta ɓace. Da farko na ɗora laifin a kan yaƙin da ake yi a ƙasarmu. Na zaga Sinnar, na je Sinja, har mai saidaliyyar da muke sayen magani a wurinsa ya zaunar da ni, ya ce in huta da yawo. Ya ce sauran magungunanku suna shigowa, wannan ce kuka daina yi, don ta tsufa, ribarta ba ta taka kara ta karya ba. Ya buɗe jawabinka a wayarsa ya fassara mini. Ka ce yanzu allurar rage ƙiba ce ke kawo muku kuɗi, kuma can za ku mai da ƙarfinku.

Na fahimta, ranka ya daɗe. Ni ma na taɓa barin auduga na koma gyaɗa don ta fi kasuwa. Amma babu wanda ya faɗi ƙasa don na bar auduga.

An canza wa Isiyaka wata ƙwaya, jikinsa bai karɓe ta ba. Wata rana da hantsi ciwon ya buge shi a bakin tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ya faɗa ruwa. Matan da ke wanki ne suka ciro shi. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma bai sake taka gonar ba. A zaure yake wuni, ko sannu ba ya son a yi masa.

Roƙona biyu ne. Na farko, ku dawo da ƙwayar, ko kaɗan ce. Na biyu, in hakan ba zai yiwu ba, ku ba wani ƙaramin kamfani izinin yin ta, tunda ku kun gama da ita.

Isiyaka ya ce kar in ɓata takarda, ba wanda zai karanta. Wataƙila ya fi ni gaskiya. Na dai gaji da zama ina kallonsa.

Allah Ya ƙara wa kasuwarku albarka, Ya tsare iyalinka daga ciwon da maganinsa ba ya kawo riba.

Wassalam,
Adamu Abdallah