Na Kasa Faɗin Sunan Ɗana a Gaban Alƙali

Malama Adawiyya, don Allah ki taimake ni, ban san ta inda zan kama ba.

Ni mutumin Tamaske ne, manomi, da rani in tai biɗar kuɗi Abijan. Mun rabu da matata tun ɗanmu na goye. Ban yi rigima ba, na bar mata shi ya kai shekara bakwai kamar yadda aka saba. Da na aika a kawo shi danginta sunka hana, sai munka je gaban alƙali.

Shi ne ɗana na fari. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa gaban mutane. Babana har ya rasu bai taɓa kiran nawa ba. To alƙali ya ce in faɗi sunan yaron, ga ƙannen babana zaune. Sai na ce "yaron nan", ban ko dubi ɗan nawa ba. Dangin uwar sunka ce an gani, ko sunansa bai sani ba. Anka bar mata shi. Yanzu ta yi aure, za su koma Agadas.

Ban yi kuka ba, ban yi fushi ba. Ina zuwa gona, ina cin tuwo, ba na jin komai. Kuɗin lauya kuwa ba ni da su. Shi ke nan na rasa shi?

Wani uba daga Tamaske

Ɗan'uwa, ba ka rasa shi ba tukuna, amma ka tashi. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, kuma ba ya jira. Gobe ka karɓi takardar hukuncin ka tafi babbar kotun Tawa, ka nemi ofishin taimakon shari'a na kyauta. Za su saurare ka ba ko dala, su duba ko ka cancanci lauya. Ka je da dattijon da zai bayyana al'adar gidanku, da shaidun hatsin da kake aika wa yaron, in kana aikawa.

Sai dai ka yi wa uwar adalci. Ita ta yi goyo da jinya, kuma kotu amfanin yaro take dubawa. Ko ba a ba ka shi ba, ka nemi a rubuta maka haƙƙin ganinsa da zuwansa wurinka hutun lakwal, wato makaranta.

Alkunya tarbiyya ce, ban raina ta ba. Amma yaro ɗan shekara bakwai bai san ta ba, abin da ya gani shi ne babansa ya kau da kai. Kafin su tashi, ka nemi izinin uwar, ka zauna da shi ku biyu, ka gaya masa da bakinka cewa kana son sa. Wannan babu lauyan da zai yi maka. Allah ya sassauta maka, ya raya shi.