Na Biyu Nake Busawa

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta sake tayar da maganar. Wai in rera mata kiɗan rufe taro na ƙungiyarmu ta sa a kwamfuta. Na ce a'a. Mu tara ne a da, masu ƙaho da mai ganga, muke kiɗa a farfajiyar otal ɗin bakin tasha, yau ni kaɗai na rage. Ba a taɓa ɗaukar kiɗan nan a faifai ba, ba a kuma rubuta shi ba, don babu wanda ya san rubutun kiɗa a cikinmu. Ni ko wannan rubutun ma da girmana na tsince shi. Kiɗan yana cikin kaina. Can ya fi zama lafiya.

"Baba, kan naka fa ba banki ba ne," in ji ta. Ta haura arba'in, har yau bakinta bai girma ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na shiga ɗakin aikinta, ba don komai ba, fankar can ta fi sanyi. Kiɗan talla da na fim take haɗawa, da shi take ciyar da mu. Ta danna maɓalli ɗaya a fiyanonta, sai ga ƙaho ya yi magana daga sifika. Har na waiwaya.

Wai wasu mabusa aka tara a wata ƙasa, kowa ya busa sauti ɗai-ɗai, dogo da gajere, a hankali da kuma da ƙarfi, aka adana. Ita kuma tana jera su, tana murza wata 'yar taya da babban yatsa, sautin ya kumbura ko ya kwanta.

Na wuni ina tunanin mutanen nan. Sun sa kayansu masu kyau, sun zauna, an ce busa, sun busa sauti ɗaya, an ce tsaya. Babu waƙa, babu mai rawa. Da suka koma gida me suka ce wa matansu sun yi?

Alhamis, 6 ga Maris

Haƙorin gaba na ƙarshe yana motsi. Dama likita ya hana busa.

Asabar, 8 ga Maris

Barcin rana ya ɗauke ni a kujera. Ga farfajiyar, ga ƙananan fitilu a jikin bishiya, ƙwari na zagaya su. Dogo yana gabana kamar kullum, shi ne ƙaho na ɗaya, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Kumatu yana can baya da ƙaton ƙahonsa a kafaɗa. Mai ganga kuwa, hannuwansa kawai na gani. Na farka ina neman fuskarsa. Har yamma ban same ta ba. Mutumin da muka yi shekaru muna kwana ɗaki ɗaya.

Lahadi, 9 ga Maris

Na rera mata. Na ce sau ɗaya kawai, na yi sau huɗu.

Talata, 11 ga Maris

Ta kira ni in ji. Ta ba ƙahoni uku abin da na rera, ta sa mai kaurin murya a ƙasa. Tsaf, babu ƙura. Amma ba shi ba ne. Na ce ai na faɗa, inji inji ne.

Ta kunna muryata da ta ɗauka a waya. "Baba, ji fa. Sauti uku ne kake hawa kana sauka, kamar mai jiran wani a ƙofar gida. Ina waƙar take?"

Na buɗe baki zan yi mata faɗa. Sai na gane.

Nawa ɓangaren na rera. Ni na biyu nake busawa, ƙarƙashin Dogo, duk tsawon zamanmu. Waƙar da mutane ke tafiya gida da ita a baki tasa ce. Ni tallafe ta nake yi. Ashe abin da nake ta tinƙaho da ajiyarsa, ƙasan tukunya ne babu murfi.

Laraba, 12 ga Maris

Duk sanda na nemi ta Dogo, tawa ce ke fitowa. Yatsuna ma sun ƙi, na gwada a gefen tebur.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta ɗora waƙoƙi iri-iri a kan ɓangaren da na rera. A'a. A'a. Wata ma kamar tallan sabulu, na gaya mata. Ta ce da tallan sabulun nake shan magani. Na tashi na bar mata ɗakin. Da la'asar ta kawo mini shayi, ta gyara mini matashi. Uwarta sak, Allah ya jiƙanta.

Litinin, 17 ga Maris

Yau ba ta ce in tuna komai ba. Tambayoyi ta yi ta yi kamar 'yar sanda.

Me ya sa na ja sautin nan da tsawo? Don Dogo mashayin taba ne, a nan numfashinsa ke yankewa, ni nake rufa masa asiri. Me ya sa na yi shiru a nan? A nan yake hawa sama, in na busa zan tare masa hanya. Nan fa, da na yi jinkiri? Shi ne ke makara, yana kallon wata mai jan mayafi da ke zama kusa da ƙofa, ni kuma dole in jira shi.

Auta ta yi dariya har ta kifa kai a kan fiyano, ƙahoni suka yi ihu gaba ɗaya. Sannan ta shiga jan 'yan sanduna a fuskar kwamfuta: nan numfashi, nan hawa, nan makara. Kamar tela na yanka riga da inuwar mutum.

Na ba ta labarinsa har rana ta faɗi. Yadda yake ɗumama bakin ƙaho a hammata lokacin sanyi. Yadda yake ce mini, "Na Biyu, riƙe ni, zan faɗi." Ban san ina da labaransa da yawa haka ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Ta rufe ƙofa kwana biyu. Ta bango nake jin guntu-guntu, ana hawa, ana fasawa, ana komawa. Na zauna a baranda kamar mai jiran haihuwa.

Asabar, 22 ga Maris

Ta kunna. Ta ajiye ƙaho na ɗaya a dama, nawa a hagu ɗan baya, yadda muke tsayawa. Ya makara inda yake makara. Da ya zo wurin yankewa, na ji ƙirjina ya cika da iska shi kaɗai, na shirya in riƙe shi.

"Shi ne, Baba?"

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Wataƙila rabi. Wataƙila ko kusa. Babu wanda zan tambaya a duniya.

Na ce mata Dogo bai taɓa busawa da tsabta haka ba, ta ɗan ɓata shi a wurin hawa. Ta ce za ta iya. Na ce ta sake kunnawa in ji sauran kurakuran.

Litinin, 24 ga Maris

Da safe ina aski, na ji ina rera wani abu. Ba nawa ba ne. Na tsaya da reza a hannu. Na ƙaho na ɗaya ne, wanda Auta ta haɗa. Yanzu in na nemi Dogo a kaina, da shi yake zuwa, gumi a wuya, yana kallon ƙofa.

Ban gaya mata ba. Ban kuma kore shi ba.