Tsohuwar Saba a Bayan Shagon Riɗi

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025
Saba, uwar kwamfutar da kowa zai riƙa shiga daga tasa, ta tashi! Tsohuwar kwamfutar nan da Kawu Abdulwahabu ya samo mani, na kafa ta a ɗakin bayan shagonsa na riɗi, a kasuwar Gadarif. Na raba cikinta zuwa ƙananan kwamfutoci na kwaikwayo, kowane ɗalibi da tasa. Su goma sha biyu ne, yaƙi ya koro su daga Khartoum da Jazira kamar mu, karatun jami'arsu ya koma ta shabaka, wato intanet. Imtihanin gwaji ƙarshen wata. Wanda ya faɗi, wata shekarar ta sake tafiya.

Talata, 7 ga Oktoba
In mutum uku suka shiga, tamam. In duka suka shiga, sai ta daskare. Shaima, ɗaya daga cikin ɗaliban, ta ɗago kai ta ce, "Ustaza, ina danna harafi, kafin ya fito na manta da shi." Mun yi dariya.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Ashe ba shabakar gari ba ce, a banza na zage ta. Matsalar tana cikin kanel, zuciyar tsarin da ke tafiyar da na'urar. Katin shabakar kowane ɗalibi ba na ƙarfe ba ne, kwaikwayo ne, kuma duk ɗan saƙon da ya iso sai ya katse wa furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, aiki, ya ce ga ni. Furosesar mai kai takwas ce, amma duk kiran a kai ɗaya yake sauka. Ɗaya na gumi, bakwai na zaune.

Na gaya wa Inna kanel nake gyarawa, da Larabci nawat. Ta ce, "Ƙwallon dabino? Karatun da kika yi ke nan, Manahil?" Har yanzu ina dariya.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Na taɓa kanel don ya riƙa tara saƙonni kafin ya yi kira. Layi ɗaya na kuskure, saba ta faɗi, aikin da ɗalibina Harun ya yi tun safe ya ɓace. Ya tashi ya fita. Na ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi da jabana, kofin nan namu na Sudan, ya dire a gabana. "Sha, ustaza. Dama aikin bai yi kyau ba."

Litinin, 13 ga Oktoba
Babu kahraba, an ɗauke wuta. Na taya Inna yanka kuɓewa.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Ya salam! Yau kam!

Na buɗe wa kowane kati layuka da yawa, na raba kiran ga kawunan nan takwas, na rage tarin yadda saƙo ba zai daɗe yana jira ba. Na ce masu, "Yalla, kowa ya shiga, ku matsa mata iya ƙarfinku." Na tsaya ina kallon allon awo. Kawunan suka ɗauka tare, ba wanda ya cika. Ƙarar madannai ta cika ɗakin. Can Shaima ta ce, "Ustaza, ai tana riga ni!" Ta rangaɗa guɗa. Kawu ya shigo a guje, riɗi duk a gemunsa, ya ɗauka aure aka ɗaura. Da aka yi masa bayani bai gane komai ba, amma ya ce mabruk, ya aika aka sayo wa kowa lemo mai sanyi.

Rabona da irin wannan farin cikin tun ina ofishinmu na da. Ko a can ma ban sani ba.

Laraba, 29 ga Oktoba
An yi imtihan. Saba ba ta ko yi tari ba. Harun ne ya fara gamawa, ya zauna yana yi wa sauran fifita da kwali. Na fita waje na yi ɗan kuka bayan buhunan riɗi. Ba wanda ya gani, ina ji.

Juma'a, 31 ga Oktoba
Yaya Osman ya kira daga Khartoum. Ya gyara ƙofar gidanmu, ruwa ya dawo unguwa. "Yaushe za ku taso?" Na ce sai na tambayi Inna.

Ban tambaye ta ba tukuna.

Jiya wasu 'yan mata biyu sun zo tun daga Hawata, wai ko akwai wuri a aji mai zuwa. Wane aji? Ban shirya wani aji ba. Na ce su dawo ranar Lahadi, su zo da ƙawayensu. Don kar tafiyarsu ta zama ta banza ne kawai.