Ragowar Marigayiya

Zuwa ga 'yata Harue,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da yara. Nan dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu.

Na san maƙwabciyata Umeko ta riga ni kai miki labari. E, na faɗi a hanyar banɗaki, amma goshi kawai na ƙuje. Barci ne ya ƙi. Ƙishi ya tashe ni, fitsari ya tashe ni, har gari ya waye. Likita ya ce suga ne ke hawa da dare, ya rasa dalili.

Gidan kula da tsofaffin nan na birnin Sendai da kike son kai ni, ba zan je ba. Wa zai zauna da mahaifiyarki?

Ki huta lafiya.
Mahaifinki, Tokuji

Baba,

Ina gaisuwa. Mama ta rasu, Baba, hotonta kuma ko'ina zai iya bin ka. In barcin nan bai gyaru ba kafin ƙanƙara ta narke, zan zo in ɗauke ka. Me kake ci da yamma? Kada ka ce mini ba komai.

Taka, Harue

'Yata,

Ina amsawa. Da ba komai ɗin zan ce, sai Umeko ta shigo da yamma ba sallama, ta same ni da loma a baki.

Kin san kullum da yamma nakan ajiye wa mahaifiyarki dunƙulen shinkafa da wake mai zaƙi a gaban hotonta. Abin da aka miƙa wa mamaci ba a zubarwa, sai na gida ya ci. Ni kaɗai na rage a gidan.

Umeko ta ce, "Tsoho, kai ke da ciwon suga ko marigayiya?"

Na ce, "Ba abincina ba ne, ragowarta ce."

Ta ce, "To ragowar a cikin wa take kwana?"

Yanzu da safe nake miƙawa, Umeko ta zo ta cinye. Wai taimakona take yi. Makwaɗaiciya!

Gaida yara.
Tokuji

Harue,

Gaisuwa. Yau Umeko ta buga ƙofa ta ji shiru, ta ruga ta kira ɗan sandan ƙauye, tana kuka wai na mutu. Na buɗe na ce, "Barci nake, ku ba ni wuri!" Rana ta yi sama, kuma tun ran da na bar wa Umeko ragowar haka nake kwana. Likita ya auna ni har yana dariya.

Ki gaya wa mutanen Sendai su ba wani gadon. Ina gidana.

Mahaifinki, Tokuji