Gwaggo Ta Ƙi Shiga da Baya

Zuwa ga Dogona, inuwar kukata a tsakar rana, raɓar asubata, tsohuwar zumata da ake magani da ita, mai gemun auduga da kai irin na dutsen niƙa,

Bayan gaisuwa mai yawa wadda ta fi yashin rafi, ina fatan ka tashi lafiya, kai da ƙafar taka da taurin kan naka. Tunda ka ɗauko sabon salo, in na kira ka ka ce "lafiya lau" ka katse kamar wayar tana ƙona maka kunne, na ce bari in koma wa biro da takarda. Takarda dai ba a katse ta. Ƙaninka zai miƙa maka ita hannu da hannu, na kuma ce masa kada ya tashi sai ya ga ka maƙala tabarau. Rubutun nawa ka san shi, kamar kaza ta ratsa toka. Haka za ka daure ka karanta, ai da shi ka aure ni.

Dogo, ina kewarka. Ina kewarka kamar yadda gona ke kewar hadari, kamar yadda tulu ke kewar rijiya, kamar yadda bakina ke kewar wanda zai yi wa tsiya da sassafe. Wa zan ce wa ya rage munshari? Wa zai ce mini shayin ya yi siga da yawa, sannan ya shanye ya miƙo kofi a ƙara? Garin nan cike yake da mutane kamar tururuwa ta ga gawar fara, amma ni a idona kango ne, tunda babu dogon nan mai tafiya kamar giginya ta yi ƙafa. Damina ta shigo ta same ka can, ga ta nan tana naɗe tabarmarta, kai kuwa kana zaune a zauren ƙaninka kana fushi da ni. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ko ba haka ba?

Bari in tuna maka yadda muka yi, don na san ka iya mantuwar da ta yi maka daɗi. Likita ya ce ƙafar dama da ciwon nan ya taɓa tana buƙatar gashin ƙashi a babban asibiti, in kuwa aka bar ta ta daɗe za ta sandare kamar busasshen reshe, ba mai tanƙwara ta kuma. Autarmu ta samu aiki a wannan birni, ta kama mana gida a ƙasan bene don kada ka sha wahalar matakala. Muka ɗaure kaya. Ranar tafiya ka zauna a bakin gado ka ce mu yi gaba, kana nan tafe. Sai daga baya ƙanin naka ya fesa mini abin da ka ce: wai kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka a bayan sitiyari, ba za ka je garin da za a riƙa ɗaukar ka ana jibgewa a kujerar baya kamar buhun gawayi ba. Har ka ce a sayar da motar, kada ka sake ganin ta.

To, gyara zama, farin watana. Ban sayar ba. Gwaggo tana nan, motar da yara suka laƙaba wa wannan suna saboda tarin da take yi da safe da ƙin a hanzarta ta. Mijin Auta ne ya tuƙo ta ranar da muka taho. Yanzu kuwa ni nake tuƙa ta.

Na san ka cire tabarau ka goge ka mayar. Ba idonka ba ne, haka na rubuta. Ni, uwar 'ya'yanka, kakar jikokinka, mai ciwon gwiwa da haƙori ɗaya na aro, na shiga makarantar tuƙi, na yi gwaji, an ba ni lasin da hotona a jiki. Hoton ma na fito kamar wadda aka kama da akuyar mutane.

Kai ka ja, ai. Ka tuna filin ƙwallon nan na bayan makaranta, shekarar da nake da cikin fari? Ka ɗora ni a kujerarka, ka cusa mini matashi a baya don ƙafata ta kai, ka ɗora hannunka a kan nawa a kan giya. Wallahi har yau in na kama giyar nan ina jin ɗumin tafinka. Ka ce, "Ki dubi gabanki, ki bar kallon ƙafarki, ƙafa ta san hanyarta." Ni kuwa ba gabana nake kallo ba, ba ƙafata ba, gefen fuskarka nake kallo, yadda rana ta sauka a kanta kamar man shanu a kan wuta. Shi ya sa muka shige tulin yashin magina. Ka yi dariya har da hawaye, ka fita kana tono tayoyi da hannu, ni ina ciki ina cin gyaɗa. Daga ranar na ce mai direba a gida me za ta yi da tuƙi? Ashe ajiya na yi, ranar buɗe ta ce ba ta zo ba.

Amma Dogo, titin garin nan ba filin ƙwallo ba ne. Kogi ne na ƙarfe, yana ambaliya safe da yamma. Motoci hanci da wutsiya kamar jerin gwano, 'yan babur suna ratsawa ta ko'ina kamar rina an taɓa gidansu, kowa hannunsa a kan hon sai ka ce shi ne zai buɗe hanyar. Danja ta ba da kore, kafin ka ɗaga ƙafa daga kuloci an zage ka, an zagi wanda ya sayar maka da mota. Malamin tuƙin nawa, sa'an ɗanmu na biyu ne, duk addu'ar da ya sani sai da ya ƙarar a kaina. Akwai wani shataletale a hanyar asibiti, ranar farko na shige shi na rasa ƙofar fita, na yi ta zagaye kamar jakin rijiya, har mai sayar da tsumman goge gilashi ya fara gaishe ni duk na zo wucewa. Malamin ya dafe ƙirji yana cewa, "Mama, don girman Allah mu fita, kaina yana juyawa." Na ce, "Ɗan nan, ka bari in gama ganin gari."

Jiya ma a gindin gadar sama cunkoso ya riƙe mu, Gwaggo ta yi tari ta mutu. Wani direban bas ya leƙo ya ce, "Iya, ki koma gida ki yi renon jikoki mana." Na sauke gilashi a hankali na ce, "Ai renon nake yi, ɗana, ga ka nan kana kuka. Bari in tashe ta in zo in goya ka." Fasinjojinsa suka kwashe da dariya, ya ja kansa ciki kamar kunkuru. Na murɗa makulli yadda kake yi, ina lallashin ta da totur kaɗan kaɗan, ta tashi. Ba zan ɓoye maka ba, zanina ya jiƙe da gumi. Amma na kai ƙofar asibiti, na juyo, na dawo gida. Kullum da safe haka nake yi, ni kaɗai, kujerar gefena ba kowa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na san layin da ke sauri, na san ramin da ke gaban gidan mai, na san lokacin da 'yan makaranta ke toshe kwana. Ranar da za ka zauna a gefena, ba na so ƙafar nan ta ji girgiza ko ɗaya.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar, sanyin idona. Gaba na iya. Baya ce ta gagare ni.

A harabar gidan namu wurin ajiye mota ya fi naman layya... a'a, bari in ce ya fi ruwa a hamada tsada, kowa ya dawo aiki sai ya yi ta zagaye yana leƙe kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Akwai gurbi ɗaya daf da ƙofarmu, tsakanin ginshiƙi da katanga. Wani maƙwabcinmu na sama, mai jibgegiyar baƙar mota, shi ya saba ajiyewa a nan. Na yi masa magana sau ɗaya ya ce zai duba. Na ga dubawar ta yi tsawo, sai na fito da kujerata da kwanon wake na zauna a tsakiyar gurbin ina tsinta. Ya dawo da yamma ya yi hon, na ɗaga masa hannu na ce sannu da aiki. Ya fito ya ce, "Mama, wurina ne fa." Na ce, "Wurin mijina ne, yana hanya. In ka ga ƙafarsa, da kanka za ka share masa wurin." Ya sosa ƙeya ya ce shi ma mahaifinsa da sanda ya ƙare. Tun ranar a bakin titi motarsa take kwana, kuma duk safiya sai ya tambaye ni, "Baba bai iso ba?" Ka ga kunyar da kake ba ni? Na ƙwace wa mutum wuri da sunanka, kai kuwa ko inuwarka ba a gani ba.

Gurbin nan kuma, in na shige shi da gaba, ƙofar da za ka fita tana manne da katanga, ko kyanwa ba ta fita. Dole sai da baya, sannan ƙofarka ta buɗe daidai bakin ɗakinmu, ka sauke sandarka ka shiga abinka, ba mai ɗaukar ka, ba mai tallabe ka, ba mai kallon ka. To, Gwaggo ta ƙi. In na sa ribas sai duniya ta juye mini, hagu ta koma dama, madubi ya nuna mini ginshiƙi a can nesa alhali yana shafa mini kunne. Wuyana ba ya juyawa kamar da. Auta ta gwada tsaya mini, amma ita sai ihu da rufe ido. Ina buƙatar wanda zai tsaya a baya ya ce taho, taho, karya hagu, tsaya, da muryar nan da ba ta taɓa rawa ba. A faɗin duniyar nan wa ya san faɗin Gwaggo kamar kai? Wa ya san inda bambarta ta ƙare ko ido a rufe?

Kuma tunda ba a ɓoye wa likita ciwo, bari ka ji. Gefenta na dama ya samu zane, dogo, kamar kai. Fitilar baya ɗaya ta tsage. Madubin gefe yana nan, amma da igiyar zanina yake rataye. Duk kwanan da ka ƙara a zauren nan, fentin Gwaggo ne yake biya. Ni ba barazana nake maka ba, labari nake ba ka.

Haba Dogo, haba tauraron asubata! Wa ya ce maka ƙafa ce direba? Shekara da shekaru ka ɗauke ni, ka kai ni awo, ka kai ni haihuwa, ka kai ni gidanmu ranar da aka binne mahaifiyata ka tsaya a rana har na gama kukana. Ban taɓa jin ni buhu ba ce a gefenka, sarauniya nake jin kaina. Yau don na ce bari in rama kaɗan, sai ya zama abin kunya? Komai ramar giwa ta fi kwando goma. Ni ƙafa ce, kai ido, a haɗa mu a samu direba guda mai kyau. Kujerar baya kuwa ta jikoki ce da kayan cefane. Taka tana gaba, na tura ta baya iyakarta saboda dogayen ƙafafun nan, kuma ba wanda ya zauna a kanta tun da muka zo. Auta ma a baya take zama tana gunaguni.

Likitan gashin ya sake aiko da magana ta bakin Auta, ya ce kada a wuce watan nan. Ni kuma na gama jira. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan kama babbar hanya da kaina, ni da Gwaggo, a hankali, duk mai sauri ya tashi sama. Ka sa a haɗa maka jakarka, kada ka manta da maganinka da rediyonka.

Zan iso da hantsi, lokacin da abokan hirarka suka cika benci. Ka san ƙofar gidan ƙaninka, kwata a hagu, sabuwar katangarsa da yake taƙama da ita a dama. Zan juya Gwaggo in saita bayanta da wannan tsukin, in sa ribas, in yi bisimilla. In ka fito da sandarka ka tsaya ka ce mini taho, to, mun shiga lafiya. In kuwa ka zauna kana cin magani, ni dai ƙafata tana kan totur, katanga kuma ba tawa ba ce. Ko ta tsaya ko ta faɗi, zan kashe mota a bakin ƙofar nan in zare makulli in ɗaure a gefen zanina, ba mai shiga ba mai fita, sai ka hau. Ka san ni, ban taɓa zuwa ɗaukar abu na dawo hannu wofi ba.

Taka ce ni tun gashina yana baƙi, taka ce yau da ya koma furfura, taka ce har ranar da za a ɗauke ɗayanmu a motar da ba a tambayar wa zai zauna gaba.

Tsohuwarka mai tsiya,
wadda ba ta da wani Dogo sai kai.