Sifirin Takwas, Duka Shuɗaye

Alhamis, 28 ga Satumba

Noelia ta kira. Jikata ta kira ni! Shekara uku ban ji muryarta ba, sai katin Kirsimeti daga Albany. Ta ce, "Vavo," haka take ce mini, wato kaka, "motar Babana tana nan?" Na ce tana nan, ina za ta. Ta ce tana so ta tuƙa ta a tseren kewaye robobin da ake jerawa a fili, na ƙarshen shekara, ran 22 ga Oktoba, a tsohon filin jirgi. Na ce to, to, to, ban san sau nawa ba. Matata Odete ta ce na tsaya riƙe da waya bayan an kashe kamar an dasa ni.

Ni da na hana yarinyar nan motar ranar da muka binne ɗana Duarte, na ce mata ba abin wasan yara ba ne. Ba ta tayar da maganar ba. Ni ma ban tayar ba.

Juma'a, 29 ga Satumba

Na yaye tamfol. Motar tana nan a ɗage yadda Duarte ya bar ta, babu ƙafafu. Shokazoba huɗu a kan benci, sifirin takwas a kwali, duk sun yi tsatsa. Ba zan bari 'yar Duarte ta leƙa ƙarƙashin mota ta ga tsatsa ba. Na kai su wurin mai feshin yashi, na ce a kankare su tas, a yi musu fenti shuɗi irin na kekenta na farko. Ina ta waƙa a hanya, ni tsoho ɗan saba'in da huɗu.

Laraba, 4 ga Oktoba

Na je karɓo su. Sun yi kyau kamar a ci. Mutumin yana miƙo mini kwalin ya ce, "Ka dai ɗauki hoton rubutun kafin ka kawo, ko?"

Na ce wane rubutu.

Ya ce rubutun rawaya mana, a jikin kowane ɗaya, lambobi da 'yan kalmomi, da hannu aka yi.

Na zauna a mota ban iya tayar da ita ba. Na ga rawayar. Na gan ta da idona ran Juma'a. Amma shekara hamsin da biyu na yi a duniya idona yana tsallake rubutu kamar yadda ƙafa ke tsallake kwata, kuma har yau, in ban zauna na sa tabarau na ce wa kaina karanta ba, tsallakewa yake yi. Shekara shida ina zuwa ajin yamma bayan na tashi daga masaƙa, don ranar irin wannan. Rubutun ɗana na ƙarshe. Na kai shi da hannuna aka kankare.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Ban gaya wa Odete ba. Ta ce me ya sa na bar miyata.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na kira Normand, abokin tseren Duarte. Ya zo ya jera su a benci, ya yi ta kallo, sannan ya ce, "Anibal, ka yi wa gawa kwalliya ka jefar da sunanta."

Abin da ya tuna: na gaba biyu-biyu ne, masu laba 550 da masu 600. Na baya kuma masu 350 da masu 375. Wato nauyin da zai danne sifirin inci ɗaya. Duarte ya saye su na hannu, lambobin kamfani sun daɗe da gogewa, shi ya sa ya rubuta nasa. Masu kauri huɗu na gaba, sirara huɗu na baya, wannan ko makaho ya raba. Amma a cikin huɗun, wanne ne ɗan'uwan wanne? In na sa 550 a hagu, 600 a dama, motar za ta shiga kwanar hagu da hali ɗaya, ta dama da wani.

Kuma ba shi ke nan ba. Ya ce Duarte ya aika shokazoban an gyara cikinsu don su dace da waɗanda ya zaɓa a ƙarshe. Na ce waɗanne ya zaɓa? Ya ce, "Ai shi ne abin da ka kankare, Malam Mai Fenti."

Litinin, 9 ga Oktoba

Lissafi. Na ciro littafin ajin Misis Ouellette, malamarmu ta ajin yamma. A auna kaurin ƙarfen, a ninka shi da kansa har sau huɗu, a ƙirga zagayen, a raba. Na cika shafi bakwai. Sifirin ɗaya ya ba ni 610 da safe, 540 bayan abincin rana. Fentin ne. Ya ƙara wa ƙarfen kauri, wani wuri da yawa, wani wuri kaɗan, kuma ɗan kuskure in an ninka shi sau huɗu ya zama dutse. Fentin da na yi don in burge ta.

Talata, 10 ga Oktoba

Na fasa sikelin banɗaki na Odete. Na ɗora sifirin a kai na danna da jak, ya yi ƙara, allurar ta tsaya a 300 ba ta dawo ba. Dole na faɗa mata komai. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta zauna a kan bokiti ta ce, "Ko kalma ɗaya ba ka karanta ba?" Na ce ko ɗaya. Ta tashi ta shiga gida. Faɗan ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Noelia ta turo hoton hular kwanonta. Ta rubuta, "Saura kwana goma, tsoho. Kada ka ci fanken malasada duka ka bar ni." Na sa tabarau na karanta sau biyar.

Asabar, 14 ga Oktoba

Yau dai Ubangiji ya tuna da ni. Ina shara na tuna yadda muke gwada ƙananan sifirin na injin saƙa in sun cakuɗe. Ba sikeli. Sai ka haɗa biyu su yi kokawa. Na samo dogon ƙarfe mai zaren noti, na zura sifirin biyu, faranti a tsakani, na ɗaure noti har suka matsu. Ƙarfi ɗaya ke danne su duka, don haka mai laushi ya fi gajarta. Na auna. Na sake. Na sake da wasu. Kafin la'asar na raba su: masu tauri biyu da masu laushi biyu a gaba, haka a baya. Na ɗaura musu zare kala-kala, na yi rawa ni kaɗai a gareji har gwiwata ta tuna mini shekaruna.

Sai na zauna. Haɗi huɗu ke nan za a iya yi. Ɗaya ne kawai na Duarte.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Bayan coci Normand ya ce akwai hanya. Zoben da sifirin ke zama a kai a jikin shokazoba, ban taɓa shi ba, yana inda Duarte ya bar shi. Kuma Duarte yana da wata 'yar sanda ta katako mai tsaga biyu, ɗaya na gaba, ɗaya na baya, da yake auna tsayin mota daga tsakiyar taya zuwa bakin jikinta. In an sa sifirin da ya dace, motar za ta zauna daidai kan tsagar. "Nemo sandar, ka huta."

Talata, 17 ga Oktoba

Babu sanda. Na juye gareji, na juye ɗakin ƙasa, na kwashe but ɗin motar.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Babu. Lokaci ya ƙure. Na ɗaura masu tauri a gaba, masu laushi a baya, don Normand ya ce da haka ko ta yi ganganci bayan motar ba zai ƙwace ya juya da ita ba. Ba don shi ne daidai ba. Don ina tsoro. In ta juya a gaban abokan ubanta, in ta ji motar ba ita ba ce, me kuma ya rage da zai kawo ta gidan nan?

Asabar, 21 ga Oktoba

Ta zo. Ta yi tsawo, ko ni na gajarta. Tafiyar Duarte take yi. Ta durƙusa ta leƙa, ta ce, "Shuɗi! Vavo, ka tuna kekena?" Na buɗe baki, Odete tana kallona, na ce miya za ta huce.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Zagaye na farko ta buge roba uku. Na biyu, biyu. Ina tsaye ina ganin gaban motar yana ƙin shiga kwana, tayoyi na kuka, ita tana murɗa sitiyari motar na tafiya inda ta ga dama. Bayan na uku ta cire hula ta zo.

"Vavo, na zauna gefen Babana a motar nan sau ɗari. Tana juyawa kafin ka gama tunani. Wannan kuwa keken kanti ce. Me ka yi mata?"

Na faɗa mata. A tsaye, a gaban Normand, duka. Yashin, fentin, rubutun da ban karanta ba.

Ta tafi can ƙarshen fili inda ciyawa ta fasa kwalta, ta ba ni baya. Na ce shi ke nan, Anibal, ka binne shi sau biyu. Aka kira lambarta zagaye na huɗu, ba ta je ba.

Da ta dawo idonta ja. Ta ce, "Haɗi nawa ka ce?" Na ce huɗu. Ta ce, "To wannan ba shi ba ne. Saura uku. Zan gane shi in na ji shi." Normand ya ce an rufe fili sai Afrilu. Ta ce ta san kalanda, Kawu.

Sai ta ciro alƙalamin fenti daga aljihun ƙofar mota, rawaya, na Duarte, ta girgiza, ta miƙo mini. "Kwanta ka rubuta a jikinsu. Kai ka goge, kai za ka rubuta." Na kwanta a kwalta na sa tabarau. Na rubuta 600, BA SHI BA. Ta leƙo ta ce rubutuna ya fi na ubanta kyau, wai nasa kamar kaza ta bi ta kan fenti.

Laraba, 25 ga Oktoba

Sanyi ya fara. Odete ta ce in rufe tagar ɗakin wanki. Na je zan cire itacen da ta tokare ta da shi tun bara waccan, sai yatsana ya ji tsaga. Biyu.

Na sa tabarau. Sandar Duarte ce. Rabin yini zai ishe ni in san amsar.

Noelia ta ce za ta zo gwada sauran ukun a Afrilu, da Mayu, da Yuni in ta kama. Na mayar da sandar inda take. Ɗakin wanki yana son iska.