Bargon da ba shi da baya

Zuwa ga ƙanwata Hajara, a Abijan.

Gaisuwa mai yawa. Ina maigidanki da yara, ina zaman baƙunta? Mu nan Illela lafiya, sai tsufa.

Kin san ni na fitar da ɗiyata Rabi daga lakwal, wato makarantar boko, na ce karatun da bai tsinana mini komai ba ba zai amfane ta ba. To, matar wanta ta haihu. Rabi ta warware tsohuwar rigar sanyina, ta saƙa wa jinjirin bargo da wayoyin ƙafar keke biyu. Ni da na shekara ashirin ina malanta, ina farautar kuskure a littattafan 'yan lakwal, na juya shi in ga baya. Hajara, babu baya. Kowane gefe fuska ne, ko ƙulli ɗaya ban samu ba. Na daɗe riƙe da shi ina tasbihi.

Na ce, "Wa ya lissafa miki wannan?"

Ta ce, "Baba, a ka nake riƙewa. Da na iya rubutu, da na rubuta lissafin, na yi mai furanni."

Na kasa haɗa ido da ita. Ranar Laraba da kaina zan kai ta Ƙonni, inda ake koya wa mata karatu da saƙa. Ki aiko mata da ulu, ki roƙa mini Allah ya sa Rabi ta yafe mini. A gaida kowa.

Yayanki,
Mamman